Kwanukan da Suka Maƙale a Ɗakin Dorcas

Dorcas ta iso Talata Mafara ranar wata Laraba bayan azahar, da akwati ɗaya da jakar goyo, da dogon takalmin roba a ɗaure jikin jakar. Daga Tamale ta ƙasar Gana ta taso. Wani kamfanin irin shinkafa ne ya ɗauko ta, ta riƙa duba gonakin da manoma ke noma masa iri, daga nan Mafara zuwa Bakura har Maradun. Maigidana, wanda ake kira Malam Barau, shi ya ba kamfanin hayar gidan da ke manne da namu, gidan da ya gina wa babban ɗanmu kafin aiki ya mayar da shi Gusau. Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, ba a taɓa toshe ta ba. Ta nan na fara ganin Dorcas, tana tsaye a tsakar gida tana kallon ɗakunan biyu. Babu komai a cikinsu sai katifa da kamfanin ya aiko.

Na yi mata sannu da zuwa, na tambaye ta hanya da gajiya da mutanen gida. Ta amsa da Hausa, abin da ban zata ba. Ta ce a zango ta girma, cikin Hausawa masu fataucin goro da shanu. Sai dai gaisuwarta gajera ce. Ina tsakiyar tambayar iyayenta ta riga ta kai ga godiya.

A ranar ta gaya mini yadda zamanta yake. Wata ɗaya aka ba ta ta duba aiki da wuri. In ya yi mata, ta sa hannu a takardar shekara uku, mijinta Obed ya biyo ta da 'yarsu Lucy mai shekara shida. In bai yi ba, ta koma.

"Aikin ba shi ne damuwata ba, Mama," in ji ta. "Shinkafa ko'ina shinkafa ce. Obed ne ya ce mini, yana jin labaran Zamfara a rediyo. Ya ce ba zai kawo Lucy inda zan kwana biyu a ɗaki ba lafiya babu wanda ya buga mini ƙofa ba. Ya ce in duba mutane, in gaya masa gaskiya."

Na ce Allah ya sa mu dace. Na koma na zuba mata tuwon dawa da miyar kuɓewa a kwanona mai murfi, na kai mata.

Kafin mako ya zagayo unguwa duk ta san an yi baƙuwa. Inna Nagode, tsohuwar da ke bayan gidanmu, wadda ta wuce shekarun kulle kuma babu zauren da ba ta shiga, ita da kanta ta kai mata hocen dawa da man gyaɗa. Ta sa mata suna 'yar Gwanja, ta ce ta zo daga ƙasar goro hannu biyu babu ko ƙwaya ɗaya. Amira, amaryar bara da ke gidan da ke kallon namu, ta aika da dambu a cikin samira, ta tsakiyar cikin ukun da uwarta ta jera mata. Gidan Liman suka aika da fura. Gidan Bappa mai gyaran babur suka aika da ɗanwake. Dorcas ta dawo daga gona da yamma, taɓo har gwiwa, ta tarar da abinci na jiranta a wurina. Ta ci ta yi ta godiya.

Kwanukan ne ba su dawo ba.

Ranar farko na ce gajiya ce. Ta biyu na ce aiki ne, tun da sassafe babur ɗin kamfani ke zuwa ɗaukarta. Rana ta biyar ta leƙo ta 'yar ƙofa tana murmushi, ta ce in zo in ga wani abu. Na bi ta. Ta samo katako ta ɗora kan bulo huɗu a jikin bango, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle. A kai ga kwanukanmu nan a jere, babba zuwa ƙarami, an wanke su har suna ɗaukar ido. Nawa ne na biyu daga dama. Samirar Amira ce a tsakiya, ta sa mata wani furen roba a gefe.

"Mama, kin gani? Ɗakina ya fara zama ɗaki. Na ɗauki hoto na tura wa Obed."

Na dubi kwanona. Na ce, "Ya yi kyau."

Da yamma na yi tuwo, kuma ba zan ci ina jin motsinta ta katanga ba. Na zuba mata a wani kwanon na kai. Shi ma ya hau katako.

A mako na biyu matan suka taru a gidana da hantsi, wai sun zo taya ni gyaran wake. Ba waken ya kawo su ba.

"Ni dai na kusa saba'in," in ji Inna Nagode, "ban taɓa ganin baƙon da ka cin tuwo shi haɗa da kwano ba. Wagga 'yar Gwanja cikinta na da ƙarhi."

Aka yi dariya, ban da Amira.

"Inna, ku kuna dariya. Ni innata na zuwa daga Bakura ƙarshen wata. Tana shiga ɗaki jere za ta duba. Ta ga babba, ta ga ƙarama, ta tsakiya babu. In ce mata mi?"

"Ki ce ta tahi Gana karatu."

"Don Allah, Inna."

Matar Liman ta juyo gare ni. "Taiba, ke ce ta katanga. Ke za ki yi mata magana."

"In ce mata mi? Ba ni kwanona?"

Mun san babu mai iya faɗin haka. Ka kai wa baƙo abinci sannan ka koma ka ce ina kwanona, kamar ka ce ka yi nadamar abincin ne, ko ka kira shi ɓarawo a cikin ɗakinsa. Matar Bappa ta ce wataƙila a addininsu haka ake yi. Matar Liman ta ce a'a, ta zauna da Kiristoci a bakin tasha shekara takwas, maƙwabciyarta Maman Goodness har da soyayyar gyaɗa take mayar da kwano.

Inna Nagode ta ce ita ta san magani. Washegari ta ƙulla hoce a baƙar leda ta kai. Gidan Bappa suka bi sahu, ɗanwake a leda, mai da yaji duk sun cakuɗe. Ba a yi kwana uku ana haka ba kowa ya ji abin bai yi masa daɗi ba. Abinci a leda na mai wucewa ne. Aka daina. Ni kaina kwanukan da suka rage mini na Malam ne da na baƙinsa. Sai na koma kiranta ta zo mu ci tare, ita kuma sau da yawa ta dawo a gajiye, ta ce ta ci burodi.

Gaisuwa ba ta yanke ba, amma ta rage tsawo. Mace ta ga Dorcas ta tuna da kwanonta, sai ta kasa sakin fuska, ta ji kunyar kanta, ta wuce da sauri. Amira kuwa in ta hango ta daga zaure sai ta koma ciki.

Ranar Lahadi ta ƙarshe, saura kwana biyu wata ya cika, Dorcas ta dawo daga coci ta shigo ta 'yar ƙofa ba ta ko cire ɗankwalin cocin ba. Ina tsinke zogale. Ta zauna a bakin tabarma ta sa hannu tana taya ni.

"Mama, ranar Talata zan ce musu a'a."

Na ci gaba da tsinka.

"Aikin na so shi. Manoman Bakura sun saba da ni, na Tsibiri har kujera suke ajiye mini a gindin mangwaro. Gidan ma na so shi. Da safe ina jin ki kina daka, sai in ji kamar gida nake. Amma na yi wani laifi a unguwar nan, ban san shi ba. Da farko kowa ya kawo mini abinci a kwano mai kyau. Sai aka koma leda. Sai aka daina. Amira ta gan ni ta gudu. Na duba tufafina, na daina sa wando in ba gona za ni ba. Na rage ƙarar waƙoƙin coci. Na ce ko don ni Kirista ce, amma ai tun ranar farko kun sani." Ta share ido da bayan hannu. "Obed ya tambaye ni jiya. Ban iya yi masa ƙarya ba."

Na ajiye zogalen. Na ji kamar ni ce mai laifin, kuma a gaskiya ni ce, tun ranar da na ce ya yi kyau.

Na ce, "Dorcas, in tambaye ki. A garinku, in anka kawo wa mutum abinci, ina kwanon ka zuwa?"

"Ya danganta. In haka kawai ne, a mayar. Amma in mutum ya tare a sabon gida, matan cocinmu kowacce takan kawo abinci a sabon kwano ta bar masa. Da shi zai fara zama. Lokacin da muka tare da Obed ban sayi ko cokali ba. Shi ya sa da na ga kun yi mini haka, ni da ba ku sani ba, na shiga ɗaki na yi kuka."

"To. Mu nan ba mu da wagga al'ada."

Ta dube ni.

"Mu abincin ne kyauta. Kwanon aro ne."

Na ga maganar tana shigarta a hankali. Ta juya ta kalli 'yar ƙofa, kamar tana hango katakon daga nan. Leɓenta na motsi, tana ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya," ta ce. "Mama, goma sha ɗaya. Har da naki biyu. Kin shiga kin gani. Kin ce ya yi kyau."

"Ai ya yi kyau."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kunya."

"Mako uku?"

"Da ba ki ce za ki tahi ba, da an shekara."

Na zaci za ta yi dariya. Sai ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Ta ce yanzu ne ma tafiya ta kama ta. Ta ce duk unguwa na kallonta ɓarauniyar kwano, ta tura wa mijinta hoton kayan mutane tana alfahari. Ta ce za ta kawo mini su duka in raba, ita ba za ta iya haɗa ido da kowa ba, kuma ko ta so mayarwa ba ta san wanne ne na wa ba.

Na bar ta ta gama. Sannan na ce, "In kinka ba ni na raba, kwanuka sun koma gida, ke kin zauna inda kike. Ba ki san na wa da na wa ba, su sun sani. Ki kira su su zo su ɗauka. Kuma a nan, mace mai son zumunci ba ta mayar da kwano wofi. Mi kinka iya dahwawa?"

Ta sauke hannu. "Za su ci abincina?"

"Mi zai hana? Ki sayi kihi, kowa hankalinsa kwance."

Ranar Litinin ta nemi rabin yini a wurin aiki. Ta dawo da kifin dam ɗin Maradun a bayan babur, da shinkafa da wake, da wani ƙullin karan dafi. Na ba ta aron babbar tukunyata, na ce mata wannan ma aro ce. A nan ta fara yin dariya. Malam kuma na roƙe shi ya gaya wa mazan a masallaci, a bar matan su shigo gidan baƙuwa bayan la'asar. Ya ce, "Kan kwano?" Na ce kan kwano. Ya girgiza kai ya fita.

Sun zo su tara. Dorcas ta shimfiɗa tabarmina biyu a inuwar katanga, ta jera kwanukan a tsakiya, kowanne a cike a rufe. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi zafi, ta tambayi gajiya, kamar yadda na karanta mata da safe. A wurin matar Liman ta rikice ta tambayi zafi sau biyu. Sannan ta ba su labarin matan cocinsu da sabon gida. Ta ce ta ɗauka sun yi mata abin da uwa ke yi wa 'ya. Ta ce su yafe mata.

Matar Bappa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Inna Nagode ce ta miƙa hannu ta buɗe kwanon da ke gabanta. Ta leƙa ta daɗe.

"Wanga mi ne?"

"Abincin garinmu ne, Inna."

"Shinkahwa da wake ce. Tun daga Gana kinka taso ki koya muna shinkahwa da wake? To mi ya sa ta yi ja?"

"Karan dafi na sa."

"Karan dahi. Mu nan hwata muka rinawa da shi. Jama'a, ta ci kwanukanmu, yanzu za ta rine mu."

Dariyar da aka riƙe mako uku ta fashe. Matar Liman har da kama ciki. Inna ta ɗebo loma ta dangwala a baƙin yajin da Dorcas ta soya da busasshen kifi, ta kai baki. Ta tauna, ta lumshe ido, hawaye ya zubo mata.

"Ruwa," ta ce. Da aka ba ta ta sha, sai ta sake dangwalawa.

Daga nan rikici ya koma kan kwanuka. Amira ta rungume samirarta tun ba a ce a ɗauka ba, tana juya ta, ta ce ai ta fi sauran biyun haske yanzu, da me aka wanke ta? Dorcas ta ce toka da lemun tsami. Murafu sun cakuɗe, na gidan Liman ya hau kwanon gidan Bappa ya ƙi fita, sai da aka sa bakin cokali. Akwai wani tsohon kwano mai tsaga a baki, fentinsa ya ɓare. Kowa ya san na Inna Nagode ne, da shi ta kai hoce. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ɗora hannu kan sabon kwanona mai fure.

"Wanga nau na."

"Inna, nawa ne," na ce.

"Taiba, yau kin yi baki? Mako uku kina kallonsa bisa katako ba ki ce naki ne ba. Ya tashi daga hannunki."

"Inna, ki ji tsoron Allah," in ji matar Liman, tana dariya.

"Ina jin tsoronsa. Shi ya sa ban ɗauki samirar ba."

Ana cikin haka wayar Dorcas ta yi ƙara. Ta duba ta ce Obed ne, ya taso daga makarantar da yake koyarwa. Ta tashi za ta shiga ɗaki. Inna ta ce ina za ta, a kawo shi nan. Dorcas ta dube ni. Na ɗaga mata kai. Ta buɗe muryar wayar ta ajiye a tsakiyar tabarma, tsakanin kwanuka.

Inna ta matso ta sunkuya kan wayar, tana ɗaga murya kamar Gana a bayan katanga take. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi ɗiya, ta tambayi iyaye da damina da rani. Hausar Obed ba ta kai ta matarsa ba, kome aka ce sai ya ce lafiya lau, na gode. Ya tambayi wace ce.

"Kakarka ce. Taiba ta ba mu labari. Kai ne mai cewa babu mai buga wa matarka ƙohwa? Ni ban buga ƙohwa, shiga nike. Ka tambaye ta. Yaushe za ka kawo muna ɗiyarmu?"

Sai Obed ya yi wa Dorcas magana da yarensu, a hankali. Ba mu ji abin da ya ce ba, amma mun ji tambaya ce. Dorcas ta dubi matan, hannuwansu duk mai, Amira na lallaɓa matar Bappa ta ba ta kan kifi. Ta amsa masa da Hausa, don mu ji.

"Gaskiya ce. Gobe zan sa hannu. Ku fara shiri."

Matar Liman ta ce alhamdu lillahi. Inna ta ce ya taho da goro, na wancan karon ma tana bin su. Aka ji wata ƙaramar murya ta karɓe wayar, Lucy ce, tana tambayar uwarta da Turanci. Dorcas ta ce wai tana son ta san ko akwai yara a unguwar. Matan suka fara lissafa nasu, kowa na katse kowa, har aka kai ashirin da wani abu aka rikice aka sake farawa.

Ranar Talata da hantsi, ana ta shigowa kasuwa da buhuna da awaki, Dorcas ta dawo daga ofis ta tsaya a zauren Malam ta gaya masa ta sa hannu. Ya ce madalla. Ya tashi ya zagaya gidan nata hannu a baya, ya shiga ɗaki na biyu ya ɗaga kai, ya ce rufin nan yana yoyo ta kusurwar gabas, ba a sa yarinya a ciki haka ba. Kafin azahar ya kawo kafinta. Suka tsaya su uku a tsakar gida cikin rana, Malam na cewa a yi wa ɗakin farin fenti don ya fi sanyi, Dorcas na cewa bari ta tambayi mai ɗakin. Ta kira Tamale. Mai ɗakin, Lucy, ta ce ruwan ɗorawa.

Malam ya ce a Mafara bai taɓa ganin ɗaki ruwan ɗorawa ba. Ya tsaya ya yi tunani, sannan ya ce wa kafintan in ya gama ya biya kasuwa ya duba ko akwai.